Makanike Ya Ce A Cire Shaf Ɗin Gaba A Ajiye, Shin Akwai Illa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux ta 2010 mai jan ƙafa huɗu, wadda nake ɗauko dankalin turawa da ita daga Bokkos zuwa kasuwar Farin Gada da ke Jos. Tun ƙarshen damina, duk lokacin da na karya sitiyari sosai sai in ji ƙarar ƙas-ƙas daga tayar gaba ta dama. Makanikena ya ce shaf ne ya ci, kuma tunda rani ya shigo ba sauran laka, a cire na dama da na hagu a ajiye. Shin hakan daidai ne? Idan kuma canzawa zan yi, me zan sa wa ido? Daga mai karatu a Bukuru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Makanikenka ya gano ciwon, amma maganin da ya ba ka na da haɗari, kuma ina roƙonka kada ka yarda da shi.

Kowane shaf na gaba, wato sandar ƙarfen da ke juya tayar gaba, yana da gaɓa biyu, ɗaya wajen taya, ɗaya wajen akwatin giyar gaba da ake kira difaranshal, kuma kowace gaɓa tana cikin rigar roba cike da giris. Idan dutse ko kara ya yaga robar, giris ya fice, ƙasa da ruwa suka shiga, sai gaɓar ta fara cin kanta, kuma wannan ƙarar da kake ji a kwana kukan gaɓar waje ne. A yawancin Hilux na wannan zamani shaf ɗin yana juyawa tare da taya ko ba ka sa giyar ƙafa huɗu ba, shi ya sa ƙarar ba ta tafi da damina ba.

Dalilin da ya sa na hana ka cirewa shi ne, bakin shaf na waje yana ratsa tsakiyar boris ɗin taya, kuma babban notin da ke kansa shi ne ke matse boris ɗin wuri ɗaya. Idan babu shi, boris na iya buɗewa, taya ta yi lilo ko ta fice gaba ɗaya, kuma ba na fatan hakan ya same ka da lodin dankali tsakanin Barikin Ladi da Mararrabar Jama'a. Bakin ciki kuwa shi ne ya toshe ƙofar difaranshal, don haka cire shi na nufin man giya zai tsiyaye, ƙurar hunturu ta maye gurbinsa.

Canza na daman kawai ya isa, matuƙar an duba robobin na hagu an ga lafiyarsu ƙalau. Kafin ka saya, a kasuwar Dilimi da ke Jos ne ko a wani wuri, a jera sabon da tsohon a gwada tsawo, a kuma ƙirga haƙoran bakunan biyu.

Wajen cirewa, a ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. A zare fil ɗin da ke kulle babban notin, a kwance babban notin yayin da wani ya taka birki, a cire wayar birkin ABS a hankali domin tana da saurin tsinkewa, sannan a saki tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, da bol-join na ƙasa, wato gaɓar da ke riƙe da mazaunin taya. Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne fitar da shaf daga cikin boris: kada a doki bakinsa da guduma kai tsaye, a mayar da tsohon notin ya yi daidai da bakin, a kara katako ko tagulla, sannan a buga. Gaɓar ciki kuma wani ɗan zoben ƙarfe ne ke riƙe da ita, saboda haka a jikin gaɓar ake kafa ƙarfen banƙara a ɓalle ta daga difaranshal. Idan aka finciki sandar shaf ɗin, gaɓar za ta wargaje a cikin robarta.

Wajen mayarwa, a sa sabon sil na mai, domin kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da sake kwance aikin. A juya buɗaɗɗen bakin zoben ya kalli ƙasa, a shafa wa haƙoran man giya, a tura har a ji ya faɗa mazauninsa, sannan a ja shi da hannu a tabbatar ba ya fitowa. Babban notin yana bukatar ɗauri fiye da Newton-mita 200, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri, kuma da sifana mai ma'auni ake yin sa bisa adadin da littafin motar ya faɗa, ba da dogon bututu da tsalle a kai ba. Kada a sauke nauyin motar a kan tayar kafin a ɗaure shi. A sa sabon fil, a cika difaranshal da man giya mai lambar GL-5 har ya kai bakin ramin cikawa.

Kafin ka biya kuɗin aiki, ka sami fili mai ƙasa, ka sa giyar ƙafa huɗu, ka zagaya dama da hagu a hankali kana saurare, washegari kuma ka leƙa ƙarƙashin motar ko akwai ɗigon mai.