Shin da gaske Stanley Kubrick ne ya shirya saukar Amurkawa a duniyar wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen koyon aikin jarida, ina kuma taɓa riƙe kyamara a wajen shutin. Na zaɓi in rubuta kundin kammala karatuna a kan yadda daraktan fim Stanley Kubrick yake sarrafa haske. Sai yayana ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp, wani dattijo mai gemu, wai Kubrick ne, yana amsa cewa shi ya ɗauki saukar Amurkawa a wata a cikin sutudiyo. Yayana ya ce mutumin Bayahude ne, 'yan uwansa ne suka ɗaure masa gindi, da ya fara tona musu asiri a fim ɗinsa na ƙarshe suka kashe shi. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina tsoron in ɓata shekara guda ina yabon maƙaryaci. In canza maudu'i ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka canza komai, ƙanena. Dattijon da ke cikin bidiyon nan ba Kubrick ba ne. Ɗan wasa aka ɗauko, bidiyon kuma ya ɓulla a intanet a Disambar 2015, shekara 16 bayan an binne mutumin. Matarsa Christiane ta ce ba a taɓa yin wannan hira ba, 'yarsa Vivian ma ta rubuta wasiƙa a 2016 tana ƙaryata zancen baki ɗaya. Akwai wani bidiyon da ake gutsurowa ana yaɗawa, inda za ka ga matar tasa da ɗan sama jannati Buzz Aldrin da tsohon sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger kamar suna gaskata labarin. Wancan fim ne da William Karel ya yi wa tashar Arte a 2002, da gangan ya shirya shi don ya nuna yadda ake yaudarar mai kallo da yanke-yanken hira, kuma a ƙarshensa an bayyana cewa wasa ne. Ƙarshen ne masu turawa suke cirewa.

Tunda ka san fina-finansa, ba sai na jero maka su ba. Ka dai riƙe inda ya fito. An haife shi a New York ranar 26 ga Yuli 1928, ya tashi a unguwar Bronx, mahaifinsa likita ne. Makinsa na sakandare bai kai ya samar masa gurbi a jami'a ba. Yana ɗan shekara 16 ya sayar wa mujallar Look hoton wani mai sayar da jarida da ya yi tagumi bayan mutuwar Shugaba Roosevelt a Afrilun 1945, aka biya shi dala 25, daga baya mujallar ta ɗauke shi aiki. A nan ya koyi haske. Daga farkon shekarun 1960 ya koma Ingila da zama, can ya yi sauran fina-finansa har ya mutu.

Maganar saukar wata kuwa ta ishe ni, domin kusan kullum sai an kawo ta, kuma abin takaicin har da masu riƙe kyamara, waɗanda aikin hannunsu kaɗai ya isa ya nuna musu ƙarya ce.

Hujjar masu wannan zance ita ce fim ɗinsa 2001: A Space Odyssey, wanda ya fito a Afrilun 1968, wata 15 kafin kumbon Amurka Apollo 11 ya sauka a duniyar wata ranar 20 ga Yuli 1969. Suna cewa dabarar da ya yi amfani da ita wajen nuna hamadar Afirka a cikin sutudiyo, ita ya yi wa gwamnati. To ga yadda dabarar take. Ana kafa allo mai tsayin ƙafa 40 wanda aka lulluɓe da Scotchlite na kamfanin 3M, wato shimfiɗa mai ƙananan ƙwayoyin gilashi da ke mayar da haske daidai inda ya fito. Ana ajiye majigi a gefen kyamara, a sa madubi mai rabin gani a karkace a kusurwar digiri 45 a gaban gilashin kyamarar, don hasken majigin da idon kyamarar su bi layi ɗaya. Ta haka ɗan wasa yake rufe inuwar kansa, hoton da ya faɗo a jikinsa kuma ba ya fitowa saboda fitilun sutudiyo sun rinjaye shi. Hotunan bayan nan a ƙasar da ake kira Namibiya yanzu aka ɗauko su. Dabara ce mai kyau, amma tana da sharaɗi mai tsauri: kyamara ba ta isa ta matsa hagu ko dama ba. Tana barin layin majigi, baƙar inuwa za ta fito a gefen mutum kamar an zana masa ita. Ka je ka kalli hotunan Apollo 15 da 16 da 17, inda kyamara take bisa mota tana tafiya, duwatsun nesa da na kusa suna canza matsayi yadda ya kamata. Allo da majigi ba sa yin wannan.

Sai su ce ai rage gudun fim aka yi. Yi lissafin da kanka. Jan da wata yake wa abu kashi ɗaya ne cikin shida na wanda ƙasa take yi, don haka abin da aka saki yana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na lokacinsa kafin ya taɓa ƙasa. Kafin ka kwaikwayi haka sai ka ɗauka da hotuna kusan 60 a sakan a maimakon 24. Gwangwanin fim na 35mm mai ƙafa 1,000 minti 11 kawai yake yi a gudun da aka saba. Yawon da 'yan Apollo 11, Neil Armstrong da Aldrin, suka yi a wajen kumbo ya kai awa biyu da rabi, kai tsaye ake nunawa, ba yanka. Gwangwani nawa ke nan za a haɗa ba tare da an ga mahaɗa ko ƙura ko kartar fim ba? Na'urar rage gudun bidiyo da ake taƙama da ita a lokacin, Ampex HS-100, sakan 30 take riƙewa. Kuma idan ka rage gudu, komai ne yake raguwa, har motsin hannu da yatsu, alhali a hotunan Apollo hannu yana aiki da saurinsa, faɗuwar abu ce kawai take jinkiri. Siginar ma da farantan Honeysuckle Creek da Parkes na ƙasar Ostareliya aka kamo ta, kuma wata suke fuskanta.

Ƙura ita ce shaidar da ba ta karɓar cin hanci. Inda akwai iska, ƙura tana tashi ta yi gajimare ta daɗe tana yawo. Inda babu, kowace ƙwaya tana yin baka ta faɗo nan take. Dubi ƙurar da ke tashi daga tayoyin motar da ɗan sama jannati John Young ya tuƙa a Apollo 16, a Afrilun 1972, ba ta rataya ko sakan ɗaya. Sannan ka koma fim ɗin Kubrick, wurin da jirgi yake sauka a wata, za ka ga ƙura ta turnuƙe, domin a cikin iskar sutudiyon Ingila aka ɗauka. Mutanensa suna takawa a wata da nauyinsu na duniya, duwatsunsa masu tsini ne, na gaskiyar kuwa shafaffu ne. Mutumin da ake cewa ya ƙirƙiri wata, a nasa fim ɗin bai dace da kamanninsa ba, don a 1968 babu wanda ya taka shi tukuna.

Batun rashin taurari a sama bai kamata ma ya fito daga bakin mai kyamara ba. Da rana suke, fararen kaya ne a jikinsu, rana tana dukansu, kyamarorin Hasselblad ɗinsu suna kan gudun 1/250 na sakan da buɗewar gilashi f/5.6 zuwa f/11. Wane tauraro ne zai shiga? Gwada ɗaukar filin ƙwallo mai fitilu da daddare ka nemo mini tauraro ɗaya. Bayan haka ga kilo 382 na duwatsu da ƙasa da tafiye-tafiye shida suka kawo, ga madubban da Apollo 11 da 14 da 15 suka bari waɗanda har yau ake harba musu hasken leza yana dawowa, ga hotunan wuraren saukar da kumbon LRO mai kewaya wata yake ɗauka tun 2009. Tarayyar Sobiyet, wadda ta fi kowa son ganin Amurka ta ji kunya, ba ta musa ba.

Abin da ya fi damuna a saƙon yayanka shi ne kalmar da ya rataya komai a kanta. Da an ce Bayahude, sai a ga ba a bukatar wata hujja. Dubi yadda aka “ɗaure masa gindi”. Fim ɗinsa na farko mai tsawo, a 1953, da kuɗin kawunsa mai kantin magani ya yi shi, bai mayar da kuɗin ba, a shekarun nan har dara ta ces yake bugawa a dandalin Washington Square don ya samu na abinci. Paths of Glory na 1957 ba a nuna shi a Faransa ba sai 1975. A Dr. Strangelove na 1964 manyan hafsoshin Amurka ya mayar abin dariya, sojan sama ba su ba shi haɗin kai ba, sai da masu gina masa wurin shutin suka kwaikwayi cikin jirgin B-52 daga hoton da aka buga. A 1969 kuwa, shekarar da ake cewa yana yi wa gwamnati aikin sirri, yana Ingila yana fafutukar fim a kan Napoleon, kamfani ya janye kuɗi, fim ɗin bai yiwu ba har abada. Shi ba mai riƙo da addinin ba ne ma. Matarsa Bajamushiya ce, 'yar ɗan'uwan Veit Harlan, daraktan da ya yi wa 'yan Nazi fim ɗin ƙin jinin Yahudawa a 1940. Kubrick ya san ɓarnar da ƙarya take yi idan aka sa mata hoto, ya kuma shafe shekaru yana shirin fim a kan kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, ya ajiye shi a farkon shekarun 1990.

Mutum yana da damar ya yi fushi da abin da wata gwamnati take aikatawa, ya faɗa da babbar murya. Wannan bai halatta masa ya ƙaga wa mamaci laifi saboda gidan da aka haife shi ba. An umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci, a Ma'ida aya ta 8 kuma an hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Wanda ya danna turawa bai bincika ba yana da kamasho a ƙazafin. Mutuwarsa kuwa, bugun zuciya ne ya ɗauke shi cikin barci a gidansa da ke Hertfordshire ranar 7 ga Maris 1999, yana da shekara 70, bayan shutin fim ɗinsa na ƙarshe, Eyes Wide Shut, wanda ya ci kusan kwana 400.

Akwai abin da ya dace ka kiyaye da gaske: A Clockwork Orange da Eyes Wide Shut suna da tsiraici, na farkon har da mummunan ta'addanci, kuma kundinka zai tsayu ba tare da su ba. Ka gina shi a kan fitowar kyandir ta Barry Lyndon na 1975, wadda ita ce alaƙarsa ta gaskiya da kayan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Kamfanin Zeiss ya ƙera gilasan 50mm masu buɗewar f/0.7 guda goma, NASA ta sayi shida, Kubrick ya sayi uku. Irin wannan gilashi yana shigar da haske ninki huɗu na f/1.4. Bayansa yana zama milimita kaɗan daga fim, sai da injiniya Ed DiGiulio ya sake fasalin kyamarar Mitchell BNC kafin ya zauna. An yi amfani da kyandirori masu lagwani uku, aka kuma ƙara wa fim ɗin mataki ɗaya wajen wanki, ƙarfin kama haskensa ya tashi daga 100 zuwa 200. Matsalar ita ce zurfin fokas ya zama ɗan mitsitsi, ɗan wasa ya ɗan sunkuyo idonsa ya dushe. Shi ya sa 'yan wasan suke zaune kamar an dasa su, mai jan fokas kuma yana duban wani allon talabijin da ke nuna su daga gefe, an ja masa layukan tazara a kai. Wannan aikin ne ya ba John Alcott, mai ɗaukar hoton fim ɗin, kyautar Oscar. Ka samo gilashi mafi buɗewa da za ka iya, ka kunna kyandir goma a ɗaki mai duhu, ka auna tazara da tef, ka rubuta inda fokas ya kuɓuce maka da inda harshen wutar ya ƙone hoton, ka sa sakamakon a babi na huɗu.