Ma'anar aikatau "synes" a harshen mutanen Danmak

Tambaya: Ina zaune a birnin Aarhus na ƙasar Danmak, ina kuma koyon harshen ƙasar. Na ce wa malamarmu "Jeg synes, bussen kommer klokken otte", ina nufin ina jin bas zai iso da ƙarfe 8, sai ta gyara mini. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malama, ginin jimlarki daidai yake, aikatau ɗin da kika zaɓa ne bai dace da wurin ba. Kalmar "synes" ta fito daga tushe ɗaya da "syn", wato gani, don haka mafi kusa da ita a Hausa shi ne "a ganina". Ana amfani da ita ne idan mutum zai faɗi ra'ayinsa a kan abin da ya gani, ko ya ɗanɗana, ko ya ji a jikinsa, abin da ba wanda zai iya ƙaryata shi a kai. Lokacin isowar bas kuwa ba ra'ayi ba ne, domin da ƙarfe 8 ya yi za a san ko kin yi daidai ko ba ki yi ba. A irin wannan wurin "tror" ake cewa, wato "ina tsammani".

Bambancin ya fi fitowa fili a kan abinci. Wanda ya ce "Jeg synes, maden er god", wato a ganina abincin yana da daɗi, ya riga ya ci, ya kuma ji daɗinsa, shi kuwa wanda ya ce "Jeg tror, maden er god" bai kai loma baki ba tukuna, hasashe kawai yake yi. Idan aka gayyace ki cin abinci, kika cinye kwano guda sannan kika yi amfani da "tror", mai gida zai iya ɗauka kina shakkar girkin nasa.

Idan aka ƙara mata "om", ma'anar takan koma ga so. "Hvad synes du om Danmark?" tambaya ce da kusan kowane baƙo yake shan amsawa, ma'anarta yaya kike ganin ƙasar. "Jeg synes godt om hende" kuma na nufin tana burge ni, kuma wannan "Synes godt om" ɗin ne rubuce a maɓallin nuna so na Facebook idan an saita shi da harshen ƙasar.

Sai ki kula da harafin s na ƙarshe, domin jikin kalmar ne, ba ya faɗuwa. Ana cewa "synes" ga abin da ake ciki, "syntes" ga abin da ya wuce. A bakin jama'a "synes" takan gajarce ta koma kamar "syns", kuma 'yan ƙasar su kansu sukan rikita siffofin biyu a rubuce, saboda haka kada ki ɗauki duk abin da kika gani a saƙon waya a matsayin ƙa'ida.