Tambayi Inna: Za mu kai yara bakin teku, kuma babu wanda ya iya ruwa a cikinmu

Assalamu alaikum Inna, ina wuni, ya zafi? Ni matar aure ce, ɗiyana huɗu. Babban shekararsa 15, mai bi masa mace ce 'yar 11, sai ɗan 7, sai auta 'yar 3. Maigidana zai kai mu Legas hutun Disamba wurin ƙanensa da ke Agege, kuma ya yi wa yaran alkawarin wuni guda a bakin teku. Babban tun yanzu ba shi da zance sai babur ɗin ruwa da yake gani a waya. Inna, ni ruwan da na sani bai wuce wanda nake hange daga mota in za mu haye gadar Kwalkwalawa ba. Babu wanda ya iya ruwa a cikinmu, har baban nasu. In hana tafiyar, ko mi za ni yi?
Maman Abba, Mabera, Sakkwato

Wa alaikumus salam ɗiyata. Kada ki hana. Yaron da ya tashi a Sakkwato, inda ruwa mafi girma da ya sani shi ne gulbin Rima a watan Agusta, ya cancanci ya tsaya ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Ni sai da na haifi uku kafin na gani, lokacin da aiki ya kai maigidana Apapa muka zauna can shekaru. Ranar farko tsayawa na yi da takalmina a hannu ina ta tasbihi, ƙarar ruwan kaɗai ta cika mini ƙirji. Ina so ɗiyanki su ga wannan. Amma tsoron da kike ji yana da tushe, don haka zauna in gaya miki yadda za ki tafi da shi.

Teku ba gulbi ba ne. Gulbi hanya guda yake bi, kina ganin inda ya nufa. Tekun Atlantika da ke gaban Legas zuwa yake yi ya koma, kuma a komawar yake da ƙarfi. Ɗana na biyu yana da shekara shida ya tsaya a inda ruwa bai kai masa gwiwa ba, ya juya wa teku baya yana nuna mini wani ƙoƙon katantanwa da ya tsinta. Igiya guda ta zo ta doke shi ta bayan ƙafa, ya kife. Da ruwan ya juya sai ya fara jan yashin da ke ƙarƙashinsa, yaron yana tafiya tare da shi. Ina tsaye taku biyu daga gare shi, na cafko wuyan rigarsa. Bai yi kuka ba, bai kira sunana ba, bakinsa cike da ruwa da yashi. Da ina zaune a rumfa ina hira, da ban ji komai ba. Mutane suna zaton wanda ruwa zai ci ihu yake yi yana ɗaga hannu. Yawanci shiru ne, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan.

Saboda haka autarki da ɗan shekara 7, muddin ƙafarsu na taɓa jiƙaƙƙen yashi, babba ya kasance kusa da su iyakar miƙa hannu. Kuma ku raba aikin da suna. Ki ce, “Baban Abba, yanzu kai ke da su,” ya amsa, sannan ki zauna. In ya gaji ya miƙo miki su da baki. Abin da ke kawo asara shi ne manya biyar a zaune, kowa na zaton wani na kallo. Wanda ke kan tsaro ya ajiye waya, hoto wani ya ɗauka. Kada ki ɗora wa 'yar shekara 11 renon auta a wurin nan kamar yadda kike yi a gida, ita ma abin tsaro ce.

Sai zaɓen wuri. In kin ji tsofaffi suna zancen Bar Beach, wannan ta zama tarihi, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Na ɓangaren Lekki, irin su Elegushi, mota tana kai ku har bakinsu, amma suna fuskantar buɗaɗɗen teku kai tsaye, igiyarsu tana da ƙarfi. A irin waɗannan, iyalin da ba su iya ruwa ba iyakarsu idon sawu. Wurin da na fi kai nawa yaran shi ne Tarkwa Bay, domin dogon shingen duwatsu da aka yi don kare mashigar tashar jiragen ruwa yana karya ƙarfin igiya kafin ta iso gaɓa, ruwan ya fi kwanciya. Sai dai ba a zuwa can sai da jirgin ruwa, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga cikin gari. Can gefensa kuma akwai wata gaɓar da ke kusa da hasumiyar fitilar jirage, ita ba ta da wannan kariya, kada yara su zarce can da yawo.

Tun da jirgi ya shigo zancen, ga maganar rigar ruwa. Kowa ya sa tasa kafin ya taka jirgi, a ɗaure, ba a rataye a kafaɗa ba. Hukumar ruwa ta Jihar Legas, LASWA, ta wajabta ta, amma ke ce za ki duba da hannunki. Ki kama kafaɗun rigar yaro ki ɗaga sama: in ta zame ta rufe masa kunnuwa, ta yi masa yawa, a ruwa zai sulluɓe ta ƙasanta. Wani mai jirgi ya taɓa miƙo mini rigar babba ya ce in naɗe wa jikata, wai tafiyar ba nisa. Na sauko da yarana muka jira na gaba. Ta autarki, ki sa kawunsu na Agege ya sayo daidai jikinta tun kafin ranar, don ƙananan ba kasafai ake samunsu a jirgi ba. In kin ga jirgi ya cika ana ta ƙara mutane, ki sauka ko an riga an karɓi kuɗinki. Mu Sakkwatawa mun sha zaman makokin kwale-kwalen da ya kife da lodi, daga Shagari har Goronyo, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ku dawo da rana a sama, kada magariba ta same ku a kan ruwa.

Abba da babur ɗinsa. Ni zan bar shi ya hau, amma a baya, mai babur ɗin na tuƙi, da rigar ruwa a ɗaure, zagaye ɗaya ko biyu a inda kuke ganinsa. Tuƙi da kansa kuwa a'a, ko ya rantse ya iya kabu-kabu. Abin nan ba ya tsayawa kamar babur a kan kwalta, kuma yawancinsu in ka daina ba shi wuta sitiyarin ba ya juya shi yadda kake so, a nan sabon hannu yake afka wa mutane. Ki duba ko matuƙin ya ɗaura igiyar makulli a wuyan hannunsa, ita ce ke kashe injin in ya faɗa ruwa. Ku yi ciniki ku gama kafin yaro ya hau. Akwai kuma wata doguwar roba mai siffar ayaba da jirgi ke ja da gudu, mutane a jere a kanta. Daɗinta a wurin masu ita shi ne a karkata a zubar da kowa cikin ruwa. Wannan ba taku ba ce.

Ki koya wa Abba da babansa abu guda kafin ku tafi, don maza su ne masu kutsawa. Wani lokaci za ka ga igiya na fashewa dama da hagu, amma a tsakiya akwai wani zirin da ya yi lumui, ruwansa ya ɗan fi duhu, kumfa da tarkace na tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Baƙo yana ganinsa ya ce ga wuri mai lafiya. Alhali nan ne hanyar da ruwan da ya taru a gaɓa yake bi ya koma, kuma yana tafiya da mutum har gwanin ninƙaya. Wanda ya iya ruwa in ya faɗa ciki ba ya kokawa da shi, yana bin gefe ne, tsawon gaɓa, har ya fita daga zirin. Wanda bai iya ba, maganinsa kada ya shiga. Kuma in, Allah ya kiyaye, ruwa ya ja wani, wanda bai iya ba kada ya bi shi. A ƙwala wa masu ceto da masu jirgi kira, a jefa masa abin da ke yawo a sama. Jarkar da babu komai ciki, da murfinta a rufe, tana ɗaukar mutum kamar yadda gora ke ɗaukar masuntan Argungu.

Sutura. Dogon hijabi da zani in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, su manne a jiki, ga haɗari ga rashin sutura. Ke da ɗiyarki ku sa dogon wando da riga mai kauri zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ba ya jan ƙasa, babban ku bar shi a jaka don komawa. Kowa da kayan canji da tawul.

Ku je ranar aiki da safe. Asabar da Lahadi da yamma, balle ƙarshen Disamba, wuraren nan cika suke yi da kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba za ki so yara su zauna a cikinta ba. Talata da hantsi kuwa sai ki ga kamar an ba ku wurin. Lokacin da kuka zaɓa yana da kyau, damina ta wuce, ruwan ya fi na watannin Yuni zuwa Satumba sauƙi. Ana biyan kuɗin shiga, ana biyan na rumfa da kujeru, wasu wuraren kuma ba sa barin a shiga da abinci, kawunsu ya tambaya tukuna. In ana bari, dambun nama da soyayyar kaza da burodi sun fi jure zafi, fura da nono ku bar ta gida. Ruwan sha ki ninka abin da kike zato. Mu muna taƙama mun san rana, amma tamu busasshiya ce, ta Legas gumi ne da ba ya bushewa a jiki, yaro yana wasa ba zai ce yana jin ƙishi ba. Ki saya musu ɗanyar kwakwa a fasa a gabansu su sha ruwanta. Azahar in ta yi, ga ruwan alwala a gabanku, hadisi ya tabbatar ruwan teku mai tsarki ne. In kun koma gida kowa ya yi wanka da ruwan daɗi a shafa man kaɗe, gishiri yana busar da fata.

Ke ma ki tuɓe takalmi ki taka, hannunki cikin na maigidanki, ki ji yadda yashi ke zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafarki. Ki rubuto mini in kun dawo.

Inna, barka da aiki. Ni ƙarfina bai kai Legas ba. Ina tunanin in kai iyalina dam ɗin Goronyo su yi wanka su huta. Ya kika gani?
Baban Khalifa, Runjin Sambo

Barka kadai ɗana, Allah ya ƙara buɗi. Kallo da cin abinci a inuwa, na yarda. Wanka kuwa ban yarda ba. Dam an yi shi ne don noman rani da ruwan sha, ba a gyara gaɓarsa don yara ba. Ƙasansa laka ce, taku ɗaya kana gwiwa, na gaba ka zurma, kuma babu mai ceto a tsaye. Kusa da ƙofofin ruwa kada ma a matsa, ka tuna abin da ruwan Rima ya yi a 2010, har gadar hanyar jami'a ya tafi da ita.

Ga kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana zaune ne a jikin ƙananan katantanwa na ruwan daɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, sai bayan makonni ka ga yaro na fitsarin jini. Ruwan gishiri ba ya ɗauke da ita, amma dam da tafki da fadama na ƙasarmu suna da ita. Duk yaron da ya riga ya saba shiga gulbi kuma ka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, ka kai shi asibiti, maganinta praziquantel ne, kada a ce alamar balaga ce.

In wasan ruwa kake so su gani, ka sa kunne ga lokacin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934. Tafiyar ba ta da nisa daga nan. Kafin ranar babban kamun kifin akwai kabanci a gulbin Matan Fada: tseren kwale-kwale, ninƙaya, nutso, kamun agwagwar ruwa da hannu, Kabawa na nuna abin da suka gada. Ku kama wuri da wuri can sama da gaɓa, auta a kafaɗarka, don turereniyar bakin ruwa tana da yawa. Kafin ka ɗauki hanya, ko Goronyo ko Argungu, ka tambayi direbobin tasha halin da hanyar take ciki a wannan makon, kuma ku juyo da la'asar.