Yadda baƙuwar kwamfuta ke karɓar saƙo daga mai masaukinta

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina kula da saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a wani ƙaramin ofis a Wuse 2, Abuja. Na ɗora kwamfutocin cikin kwamfuta guda takwas a kanta da KVM, wato sashen Linux da ke ba da damar yin haka, duk Linux. Kowacce na ƙirƙira sai na shiga cikinta da hannu na sa mata suna da adireshi. Ba yadda za a yi ta karɓi wannan bayani daga sabar tun tana tashi, ko da ba ta hau intanet ba?

Amsa: Akwai yadda za a yi, ɗan'uwa, kuma tuni hanyar tana hannunka. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Haka baƙuwar kwamfuta, wato wadda ka ɗora a kan sabar, take: an yi mata ɗaki an rufe, ba ta ganin komai na sabar sai abin da mai masauki ya miƙo mata. Iyakar abin da take iya ganewa da kanta shi ne a haya take. Idan ka rubuta systemd-detect-virt a cikinta za ta ce maka kvm, domin kwakwalwar na'urar na ɗauke da alamar KVMKVMKVM.

Tagar miƙo saƙon ita ce fw_cfg, wata 'yar na'ura da QEMU, manhajar da ke aiki tare da KVM wajen gina baƙin, ke ƙirƙira wa kowace baƙuwa. Asalinta don manhajojin da ke fara tayar da kwamfuta aka yi ta. Da ita irin su SeaBIOS da OVMF ke sanin faifan da za su tayar da kwamfuta da shi. A kwamfutocin Intel da AMD ƙofofinta na asali biyu ne: a 0x510 kake faɗar lambar abin da kake so, a 0x511 kake karɓa. To nan gizo ke saƙar. Idan manhajoji biyu suka taɓa ƙofofin kai tsaye a lokaci guda, ɗaya ta zaɓi abinta, kafin ta karɓa ɗayar ta canza zaɓin, sai kowacce ta tafi da kayan da ba nata ba. Shi ya sa aka mayar da aikin hannun kanel, wato zuciyar Linux, ya riƙa sa su a layi. Direban wannan aiki, wato manhajar da kanel ke magana da na'urar ta hanyarta, wanda Gabriel Somlo ya rubuta, ya shiga Linux 4.6 a 2016.

Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne ba su ƙirƙiro wani sabon umarni da sai an koya ba. Kowane saƙo fayil ne kawai a ƙarƙashin /sys. Kuma an yi taka-tsantsan da sunayen, tunda ƙa'idar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ce cewa abin da kanel ya buɗe wa manhajoji ba a dawowa a karya shi.

Ga yadda za ka yi. Rubuta suna da adireshin a fayil, ka ce saiti.txt, sannan ka ƙara wannan a umarnin QEMU:

-fw_cfg name=opt/ofis/saiti,file=saiti.txt

Dole sunan ya fara da opt/, sauran sunayen na QEMU ne. A cikin baƙuwar ka rubuta modprobe qemu_fw_cfg, sai ka karanta:

/sys/firmware/qemu_fw_cfg/by_name/opt/ofis/saiti/raw

Daga nan ɗan gajeren rubutun da ke tashi da kwamfutar ya ishe ka. Fedora CoreOS, wani nau'in Linux, ma ta wannan taga take karɓar saitinta a kan QEMU. Sai dai taga ce, ba ƙofar shigo da kaya ba. Na taɓa cusa mata fayil mai nauyi don lalaci, har shayina ya huce ba ta gama karantawa ba, domin kaɗan-kaɗan bayanin ke ratsowa. Idan baƙin naka suka kai talatin ko arba'in, ka koma cloud-init, manhajar da aka yi musamman don saita sabbin baƙi lokacin tashinsu.

Tambaya, daga wata ɗaliba a Jos: Malam, zan iya aika kalmar sirri ta wannan hanya?

Amsa: Za ta isa, Malama, amma ban ba ki shawara ba. Fayil ɗin raw mai cikakken iko a baƙuwar kaɗai ke iya buɗe shi, wannan ya yi kyau. Matsalar tana ɓangaren sabar: idan kika rubuta kalmar a cikin umarnin da string=, duk wanda ya buga ps, umarnin da ke nuna manhajojin da ke gudana, a sabar zai gan ta ƙuru-ƙuru. SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na aiki da mabuɗi biyu: ki aika na fili, ki bar na sirrin a kwamfutarki.