Amsa ga ɗan ƙanwata a kan Ali da Tyson

Ɗana, saƙonka ya same ni a Jidda lafiya, kuma ya sa ni murmushi, ko da yake da na sake karanta shi sai ya ɗan dame ni. Ka ce a majalisarku ta 'yan gida a Riyad ka faɗi cewa da Mike Tyson ya kara da Muhammad Ali, da ba za a kai zagaye na uku ba, tunda Trevor Berbick ya doke Ali, shi kuwa Tyson ya gama da Berbick a zagaye na biyu. Sai wani dattijo ya katse ka, ya ce Ali ya rasu, kuma ba a sa wa mamaci zare, wato ba a ƙalubalantarsa da dambe. Yanzu kana tambayata ko wannan al'ada ce ko addini, kuma kana so in faɗa maka wanda zai yi nasara a tsakaninsu.

Lissafin nan naka ba sabo ba ne, domin mun yi irinsa tun kafin a yi auren mahaifiyarka. Berbick ya doke Ali ne a 1981, lokacin da Ali yake gab da cika shekara 40, kuma shi ne dambensa na ƙarshe. Tyson kuwa ya sami Berbick a 1986 yana saurayi ɗan shekara 20. Idan da haka ake auna maza, da George Foreman ya tattake Ali a Kinshasa, domin Joe Frazier ya doke Ali a 1971, Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, sannan Foreman ya zo ya zubar da su biyun, kowane a zagaye na biyu.

A ƙarshen Oktoba na 1974, da za a yi wannan dambe na Kinshasa, muna Gadarif ta ƙasar Sudan, ana tsakiyar yankan riɗi, ba da daɗewa da ƙaramar Sallah ba. Mu samarin Hausawa duk mun riga mun yanke cewa Ali zai sha kashi, har wasu suna cewa Allah dai ya sa ya fita da ransa, saboda muna ƙaunarsa, musamman da muka ji ya yi aikin hajji a 1972. Da gari ya waye sai rediyo ya ce Ali ya jingina da igiya ya bar Foreman ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kwantar da shi a zagaye na takwas. Ranar nan kowa ya yi yankan riɗinsa yana surutu, har mai gona ya gaji da yi mana tsawa.

Da yamma muka taru a rumfar wani tsohon mahauci, mutumin ƙasar Sakkwato, wanda ya baro gida a ƙafa da niyyar hajji, hanya ta riƙe shi a Sudan har ya yi iyali. Ya yi dambe a ƙuruciyarsa, kuma ba sai an gaya maka ba, domin hannunsa na dama ya isa shaida: gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun karkace saboda ɗaurin kara, wato abin da 'yan dambe ke naɗe hannu da shi, har ba ya iya riƙe ƙaramin kofin gahawa da shi, sai dai ya tallafe shi da hagu. Ana cikin zuba gahawa daga jabana, wato butar gahawa, ƙanshin citta ya cika rumfar, sai wani abokinmu mai rawar kai ya ambaci wani shahararren ɗan damben yankinsu da ya rasu tun kafin tsohon ya fara ɗaura hannu, ya ce: "Baba, da kun haɗu, wa zai kashe wani?"

Tsohon ya ajiye kofinsa, ya daɗe bai ce kome ba, har muka fara jin kunya a madadin mai tambayar. Sannan ya ce a gidan dambe idan ka sa wa mutum zare, yana tsaye ne a gabanka, makaɗinsa yana wurin, mutanen ɓangarensa suna kallo, kuma yana da ikon ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ƙasa ta rufe ba shi da wannan ikon, don haka duk wanda ya kayar da shi da baki ya kayar da wanda ba zai iya tashi ya rama ba. Daga nan sai ya shiga lissafa mana mutanen da suka taɓa kashe shi a fage, wato suka kayar da shi, ɗaya bayan ɗaya, da garin da aka yi, da turmin da ya faɗi a cikinsa, yana yi wa kowane addu'a. Bai ambaci ko mutum ɗaya da shi ya kashe ba. Da muka matsa masa, sai ya ce ubangidansa ya hore shi cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, kuma karen bana shi ke maganin zomon bana.

To ka ji asalin maganar dattijon da ya katse ka. Addini ya hana zagin mamata, amma kwatanta 'yan dambe ba zagi ba ne, saboda haka wannan ladabi ne na masu sana'ar, ba hukuncin shari'a ba. Sai dai ladabi ne mai hujja. Ali ya yi zamaninsa ana damben kambu zagaye 15, kuma a Manila a 1975 shi da Frazier sun yi 14 cikin zafi mai tsanani kafin mai horar da Frazier ya hana shi fitowa. A cikin shekarun 1980 aka mayar da shi 12. Rocky Marciano, wanda ya yi dambe 49 ba a taɓa doke shi ba, bai kai kilo 90 ba, alhali Tyson Fury da ka gani da idonka a Riyad a watan Mayu na 2024 ya kusa kilo 120. Duk da haka Oleksandr Usyk, wanda Fury ya fi girma nesa ba kusa ba, shi ya yi nasara a kansa, ya kuma maimaita a Disamba. Idan masu rai da aka auna a sikeli ɗaya suna ƙaryata hasashen mutane haka, ina ga waɗanda shekaru masu yawa suka raba?

Abin da ke damuna da ku 'yan yanzu shi ne kuna ganin guntun bidiyo na minti ɗaya a waya, inda aka tattaro bugun da ya kayar da mutum kawai, sai ku ɗauka kun san ɗan dambe. Ba ku zauna kun ga yadda yake yi idan numfashi ya fara ƙarewa, ido ya kumbura, abokin karawa kuma ya ƙi faɗuwa ba. Mike Tyson na 1988 abin tsoro ne, ban taɓa musun haka ba, kuma gajere mai saurin shiga jiki da naushin ƙugiya na hannun hagu irinsa shi ne ya fi wahalar da Ali, kamar yadda Frazier ya nuna. Amma ka nemi dambensa da Buster Douglas a Tokyo a 1990 ka kalle shi daga farko har zagaye na goma, sannan ka nemi Ali na 1966, kafin a hana shi dambe sama da shekara uku saboda ya ƙi shiga soja, ka ga yadda ƙafafunsa suke tafiya a lokacin.

Idan kun sake zama, ka je ka gai da dattijon nan, ka ba shi haƙuri a kan gardamar da ka yi da shi a gaban mutane, ka kuma tambaye shi ko a gidansu akwai wanda ya ɗaura kara, domin irin wannan magana ba kasafai take fitowa daga bakin ɗan kallo ba. Abin da ya gaya maka ka rubuto mini. Ka gai da mahaifiyarka da yaran gaba ɗaya.