Amsa Kan Zaman Waƙoƙin Bege da Wa'azi na Mata

'Yar'uwa, kin tambaya ko taruwar da kuke yi a Tudun Wada kuna rera waƙoƙin bege da wa'azi tana da asali. Tana da shi, kuma mai ƙarfi.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma horar da malamai mata da ake kira jajoji, waɗanda ke haddace baitocin su kai wa matan ƙauyuka. Da haka 'yan taru, wato matan da ke taruwa wurin jajoji don ɗaukar karatu, suka koyi tauhidi da hukuncin tsarki da salla, domin baiti mai amo yana zama a zuciyar wadda ba ta iya karatu ba, ta riƙa maimaita shi tana daka ko tana raino.

A ganina, kada ku tsaya ga rerawa kawai. Ku sami malama ta fayyace ma'anar kowane baiti, sannan ku ba tsofaffinku dama su kawo abin da suka haddace tun ƙuruciya, ku rubuta shi. Masu neman tsofaffin rubuce-rubuce su leƙa Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da ke nan Kaduna.