Idan babban farin kifin shak ya kama fatsarka a Afirka ta Kudu

Ka tambaya ko mai kamun kifi don nishaɗi zai fuskanci hukunci idan babban farin kifin shak ya haɗiye ƙugiyarsa a gaɓar Afirka ta Kudu. Amsar ita ce za a iya gurfanar da shi idan ya janyo kifin zuwa tudu ko ya kashe shi, domin tun 1991 ƙasar ta haramta kama wannan kifi, kuma takardar izinin kamun kifi ta nishaɗi ba ta halatta shi ba. A 2013 wata kotu a garin Mossel Bay da ke bakin teku ta yanke wa wani mai fatsa tarar rand (kuɗin ƙasar) 120,000 ko ɗaurin wata 12, duk da cewa an jingine hukuncin na shekara biyar, kuma hotunan da aka ɗauke shi da kifin a kan duwatsun bakin teku suna cikin hujjojin da suka kama shi.

Sharaɗin da na koya daga masu fatsa na can shi ne, da zarar ka gane irin kifin da ke jan zarenka, sai ka yanke zaren kusa da ƙugiya gwargwadon yadda ba za ka jefa kanka cikin haɗari ba, ka bar shi a cikin ruwa. Wanda ya zo da wayar ƙarfe mai kauri da ƙatuwar ƙugiya da babban abincin tarko, da wuya alƙali ya yarda cewa tsautsayi ne.